Farar wuta mai dama da hagu

Duk wanda ya sha omeprazole, maganin gyambon ciki, ya haɗiyi ƙwayoyin sinadari iri biyu. Kayan haɗinsu ɗaya ne, amma ɗaya na dama ne, ɗaya na hagu, kamar takalmin ƙafa biyu. Abin da ya raba su ƙwayar zarra guda ce ta farar wuta. A shekarar 2000 kamfanin AstraZeneca ya fito da na hagun shi kaɗai da sunan Nexium.

Jikin ɗan Adam yana bambance dama da hagu, shi ya sa masu haɗa magani suke son samun ɓangare ɗaya tsantsa. Ƙarafa irin su rodiyam da faladiyam suna hanzarta haɗuwar sinadarai, sai dai ba su da zaɓi, rabi da rabi suke bayarwa. Dole a ɗaura wa ƙarfen wani sinadari da zai riƙe shi, ya tare hanya ɗaya ya bar ɗaya. Masana suna kiran wannan mariƙi ligan. Da ligan na fosfaras William Knowles na kamfanin Monsanto ya haɗa L-DOPA, maganin cutar Parkinson, aikin da ya sa ya shiga cikin mutum uku da suka ci kyautar Nobel ta 2001.

Farar wuta kuwa an daɗe ana gudunta, don takan maƙale wa ƙarfe ta kashe ƙarfinsa. Wannan na cikin dalilan da ake tace ta daga man fetur.

Amma fa ligan na fosfaras da yawa iska tana lalata su, haɗa su kuma akwai wahala da tsada. Salfoksaid, wato farar wuta mai ɗauke da oksijin guda, yana jure iska, kuma karkatarsa zuwa dama ko hagu tana jikin zarrar da ke kama ƙarfen, daidai inda ake aikin. Tun 1962 Kenneth Andersen ya nuna yadda za a samu ɓangare ɗaya na salfoksaid ta hanyar amfani da mentol na na'a-na'a. A 1984 Henri Kagan a Faransa ya yi shi da taitaniyam. A 2008 Reto Dorta da abokan aikinsa a Zurich suka ɗaura salfoksaid biyu a kan rodiyam, abin da suka haɗa da shi ya fito kusan duka ɓangare ɗaya.

Wahalar da ta rage ita ce salfoksaid baki biyu gare shi. Yakan kama rodiyam ta farar wuta, ya kama wani ƙarfen ta oksijin, sakamakon ya sauya. Saboda haka kowane sabon ligan sai an daskarar da shi tare da ƙarfensa, an haska shi da eksire, an ga ta inda ya kama.