Launi cikin launi: fentin mota marar iyaka

A wajen masu fentin mota akwai aiki guda da ke bambanta gwani da ɗan koyo: a shafa launi biyu a jikin mota, ɗaya ya narke cikin ɗaya a hankali, har ido ya kasa gane inda shuɗi ya ƙare da inda fari ya soma. Masu garaji na ce masa "degarade". Salon ya yi suna a Kalifoniya ta ƙasar Amurka cikin shekarun 1950, inda masu fenti irin su Larry Watson suka mayar da jikin mota wurin nuna gwaninta.

Aikin na farawa tun kafin a buɗe gwangwani. Sai an cike ramuka da mastik, an goge jikin da takardar gurza mai laushi, lamba 600 zuwa 800, domin duk tabon da aka bari zai fito fili. Daga nan a fesa launi mai haske a ko'ina, a bar kowane shafi ya sha iska kamar minti 10 zuwa 15. Sannan a kawo launi mai duhu daga ƙasa ko daga baya, ana riƙe da bindigar fenti santimita 15 zuwa 20 daga jikin mota. Idan an kusanci wurin haɗuwa, mai fenti zai ja hannu baya, ya sassauta kunama, fentin ya sauka kamar yayyafi. Wasu kan gauraya launukan biyu rabi da rabi su fesa a tsakiya. A ƙarshe a rufe duka da shafi biyu na werni, wanda ke ba da ƙyalli kuma ya kare launi daga rana.

Yanayin ƙasar Nijar na ƙara wa aikin wuya. An tsara yawancin fentin mota ne domin zafin da ya kai digiri 20, alhali a Maraɗi, Damagaram da Tawa bazara kan wuce digiri 40. A irin wannan zafi fenti kan bushe cikin iska kafin ya sauka, sai wurin haɗuwar ya yi kaushi kamar rairayi. Maganinsa shi ne diliwan mai jinkirin bushewa da kuma yin aiki da sassafe. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, shi ya sa ake yayyafa ruwa a daɓe, a rufe rumfa kafin a soma.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke sha'awar wannan ado, akwai lissafin da ya kamata ya yi. Mota mai launi guda idan ta sami ƙwarzane, ƙofa ɗaya za a sake. Mai degarade kuwa sau da yawa sai an sake gefen baki ɗaya, domin dawo da narkewar launi daidai yadda take abu ne mai wuya, ko ga wanda ya yi ta da hannunsa. Ranar sayarwa ma, mai saye kan yi zargin an ɓoye haɗari ƙarƙashin sabon fenti, ya karya farashi. Don haka yana da kyau a nemi mai fenti ya gwada a kan tsohon ƙarfe tukuna, a kuma adana lambar launi da ɗan ragowar fenti.

Akwai kuma lafiyar masu aikin. Sinadarin da ake zubawa cikin werni domin ya yi tauri na ɗauke da gubar isosiyanat, wadda ke haddasa ciwon asma. Ƙyallen da yaran garaji ke ɗaurewa a hanci ba ya tare ta. Sai abin rufe fuska na musamman da wuri mai fitar da iska. Mai motar da ke cinikin farashi ya dace ya tambayi wannan ma, domin kyan mota bai kai darajar huhun yaron da ya fesa ta ba.