Amfani da Tsofaffin Finafinan Majigi wajen Shirya Finafinan Ilimi

A shekarar 1939 gwamnatin Ingila ta kafa hukumar shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ƙarƙashin jagorancin William Sellers, tsohon jami'in kiwon lafiya a Nijeriya. An rufe hukumar a 1955. Irin finafinanta motocin majigi suka riƙa nunawa a dandali, kan tsafta da noma. Wasunsu suna ajiye a ma'adanar finafinai ta Ingila, kuma masu shirya finafinan ilimi sukan ɗebo daga cikinsu bayan sun nemi izini.

Abin lura ga manazarcin harshe shi ne, tafinta ne yake bayani da baki lokacin nunin, da Hausa ko Yarabanci ko Ibo, muryarsa kuwa ba ta cikin fim ɗin. Saboda haka tilas a rubuta sabon bayani, wanda shi zai ɗora wa hoton ma'ana. Bugu da ƙari, wasu fitowar tsara su aka yi domin koyarwa. Idan ba a faɗi shekarar ɗauka da manufar masu ɗaukar ba, ɗalibi zai ɗauki wasan kwaikwayo a matsayin tarihi.