Daidaita Shokabzobar Babur da Nauyin Mai Hawa

Yawancin ƙananan baburan da ake hawa a garuruwa da ƙauyuka, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, suna da shokabzoba biyu a baya, kowace da sifirin da ya naɗe ta. A gindin sifirin ɗin da yawa daga cikinsu akwai zobe mai matakai kamar tsani, galibi guda biyar. Kamfani kan saita shi daidai da mutum ɗaya mai matsakaicin nauyi, kuma a nan yake zama har babur ya tsufa, ko da kuwa kullum sai an ɗora masa goyo ko buhun siminti mai kilo 50.

Idan nauyi ya fi ƙarfin saitin, bayan babur kan zauna, gaba ya yi sakayau. Kan babur ya riƙa rawa a hannu, fitila ta ɗaga sama tana kashe wa masu tahowa ido, in aka faɗa rami kuma a ji ƙarfe ya daki ƙarfe. Idan kuma an matse sifirin fiye da kima ga siririn mutum, babur kan yi ta tsalle a gargada, tayar baya ta kasa riƙe ƙasa lokacin taka birki, ƙugu ya sha wahala.

Gwajin gane ko saitin ya dace da nauyin mai hawa ba ya buƙatar komai sai abin awo da mataimaki. A ɗora babur kan jakin tsakiya har tayar baya ta bar ƙasa, a auna daga ƙarfen tsakiyar taya zuwa wata alama a ƙarƙashin mazauni. Sai a sauke shi, mai babur ya hau da kayan da ya saba ɗauka, a sake aunawa. Bambancin ya kamata ya kai kwata zuwa sulusin iyakar nutsewar shokabzobar. Idan santimita 9 take iya nutsewa, kimanin 3 ke nan. In ya wuce haka, a juya zoben zuwa mataki na gaba da sifana mai ƙugiya. Wasu kanikawa kan buga shi da guduma da sukundireba, abin da ke cinye haƙoran zoben.

Dole ɓangarorin biyu su tsaya a mataki ɗaya, in ba haka ba babur zai riƙa karkata a kwana. Matse zoben kuma ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi, ɗaga bayan babur kawai yake yi, don haka ba zai mai da babur na mutum biyu ya zama na mutum huɗu ba.

Shokabzobar da ke yoyon mai, ko wadda in an danna mazauni aka saki take ta lilo, ta mutu, sai canji, kuma duka biyun tare. Bayan kowane sabon saiti a duba iskar taya da sakin cen, domin nauyi yana shafar su.