Tatsuniyoyin Turawa sun koma littattafan zane: yaushe Gizo zai samu nasa?

A Turai da Amurka, tsofaffin tatsuniyoyi na samun sabuwar kasuwa ta hanyar littattafan zane, waɗanda a Faransanci ake kira BD. Labari ne cikin hotuna jere, da ƴar magana a gefen bakin kowane ɗan wasa, ta yadda yaron da karatu bai zauna masa ba zai iya bin zaren labarin har ƙarshe.

Asalin tatsuniyoyin ya daɗe. Charles Perrault ya wallafa nasa a Faransa a 1697, ƴan uwan nan biyu Grimm kuma suka fitar da nasu a Jamus a 1812. Sai dai masu zanen yau suna sauya musu riga.

A 2008, Shannon da Dean Hale sun fitar da Rapunzel's Revenge, wanda Nathan Hale ya zana. Yarinyar nan mai dogon gashi da aka kulle ta daina jiran ɗan sarki. Da kitsonta ta kuɓuta, da shi kuma take yaƙi don ceto mahaifiyarta. A 2016, Matt Phelan ya kai labarin Snow White birnin New York na shekarun 1920 zuwa 1930, lokacin karyewar tattalin arziki, inda wadannin nan bakwai suka koma yaran titi bakwai.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Hausawa. A ƙarshen shekarun 1930, Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da na Grimm, ya saka musu sunaye da garuruwa irin namu cikin Magana Jari Ce. A nan Nijar kuma, marigayi Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tahoua ya rasu a 2015, ya yi suna da finafinan zane masu motsi tun shekarun 1960.

Ke nan akwai labarin, akwai kuma tarihin zanen. Abin da ya rage shi ne haɗa su a takarda. Gizo da Ƙoƙi, kura da Dodo suna nan a bakin kakanni, amma hirar dare a tsakar gida tana ja da baya a birane, waya da talabijin sun karɓe wurin.

Ga ƴan Nijar mazauna waje, lamarin ya fi tsanani. Yaron da ya tashi a Faransa ko Beljiyam zai iske Cendrillon a laburaren makarantarsa, amma da wuya ya iske Gizo. Littafin zane cikin Hausa da Faransanci zai iya kai masa labarin da harshen a lokaci guda.

Akwai abin koyi a Kodebuwa: Marguerite Abouet ta fara Aya de Yopougon a 2005, sannan Akissi don yara, duka daga rayuwar unguwannin Abijan, kuma an fassara su zuwa harsuna da dama. Matasan da ke zane a Yamai, Maraɗi da Damagaram suna da kayan aikin a gida. Sai su fara da zama gaban kaka da takarda da fensir.