Yadda Ake Ƙiyasta Ribar Na'urar Wasan Bidiyo

Idan ka zaga garin Mubi da yamma, musamman unguwannin da ɗalibai suka yi yawa, da wuya ka rasa shagon da samari suka cika suna buga ƙwallo a talabijin. Ana kiran irin wannan wuri gidan gem. Na'urar da suke wasa da ita galibi PlayStation ce, ƙirar kamfanin Sony na ƙasar Japan. Shin ka taɓa tambayar kanka nawa kamfanin ya kashe wajen ƙera ta, nawa kuma ya ci riba?

Kamfanoni ba su cika bayyana wannan sirri ba, saboda haka masana sukan yi ƙiyasi. Hanyarsu ta yi kama da ta mahauci a kasuwar shanu ta Mubi. Kafin mahauci ya taya sa, yakan lissafa a zuciyarsa abin da nama zai kawo, da fata, da kai, da kayan ciki. Su kuwa masana, sai su sayi na'ura ɗaya su kwance ta, su feɗe biri har wutsiya. Sukan sa wa kowane ɓangare kuɗi: ƙwaƙwalwar na'urar, da ma'adanar bayanai, da abin karanta faifai, har da kwalin da aka sako ta. Daga nan sai su ƙara ladan harhaɗawa. Idan aka cire jimillar daga farashin sayarwa, abin da ya rage shi ne riba.

Ga misali. A shekarar 2013 aka fito da PlayStation 4 a kan dala 399. Wani kamfanin bincike mai suna IHS ya kwance ta, ya ƙiyasta kuɗin ƙera ta a kan dala 381. Lissafa da kanka: saura dala 18 ke nan, abin da bai kai kashi 5 cikin 100 na farashin ba. Kada ka manta, wannan lissafi bai haɗa da kuɗin dako ba, ko talla, ko rabon 'yan kasuwa, ko albashin injiniyoyin da suka yi shekaru suna tsara na'urar. In aka sa waɗannan, da wuya a ga ribar.

Wannan ma da sauƙi. Yayarta, PlayStation 3, ta fito ne a watan Nuwamban 2006, kuma an sayar da babbar cikinsu a kan dala 599. Kamfanin iSuppli ya ƙiyasta kuɗin ƙera ta a kan kimanin dala 840. Wato duk wadda aka sayar, an faɗi da dala 240 da 'yan kai. Ba Sony kaɗai ba ne. A 2021 wata jami'ar kamfanin Microsoft ta shaida wa wata kotu a Amurka cewa ba su taɓa cin riba a kan sayar da na'urar Xbox ita kanta ba.

To, wane ɗan kasuwa ne zai sayar da kaya ƙasa da uwar kuɗi da gangan? Amsar tana cikin abin da ke biyo baya. Na'ura ba ta da amfani sai da wasanni, kuma duk wasan da aka saya a shagon kamfanin na intanet, yakan ɗauki kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin. Akwai kuma kuɗin wata-wata da masu wasa da juna ta intanet ke biya. Ka dubi layin waya: kuɗinsa ba shi da yawa, amma kullum sai ka sa kati. Bayan haka, kayan haɗi sukan yi araha a hankali, har na'urar da aka fara sayarwa da asara ta koma kawo riba.

A ganina, wannan dabara ba ta cika aiki a wurinmu ba. Yawancin na'urorin da ke gidajen gem na hannu ne, an riga an more su a wata ƙasa. Wanda ya sayi na'ura ta hannu bai ƙara wa kamfani ko sisi ba.

Amma mai gidan gem yana bin irin wannan tsari ne, ko da bai sani ba. Yakan zuba kuɗi masu yawa a farko, ya riƙa tsintar su kaɗan-kaɗan a hannun masu wasa. Idan kana sha'awar wannan sana'a bayan ka gama makaranta, kada ka tsaya ga farashin na'ura kawai. Tun daga 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur kuma darajar naira ta faɗi, man janareta da kayan gyara sun yi tsada ƙwarai. Cire kuɗin mai da na haya da na gyara daga cinikin yini, sannan ka raba kuɗin na'ura da na talabijin da abin da ya rage. Amsar ita ce yawan kwanakin da za ka yi kafin uwar kuɗinka ta dawo.