Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa: daga bencin jami'a zuwa aikin ƙasa

Kowace shekara, in sakamakon jarrabawar bak ya fito, samari da 'yan mata na Tasawa da Mayahi sukan ɗaure kayansu su nufi jami'a, wasu Maraɗi, wasu Damagaram, wasu kuma Yamai. Waɗanda suka sauka Yamai suna shiga makarantar da ake kira Jami'ar Abdu Mumuni. Da yawa daga cikinsu ba su san cewa mai sunan nan a ƙasarsu aka yanke masa cibiya ba.

An haifi Abdu Mumuni Diofo a Tasawa ran 26 ga watan Yuni na 1929. A wannan zamani babu jami'a ko ɗaya a dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Ta Dakar ma sai a 1957 ta zama cikakkiyar jami'a. Yaron da ya nuna ƙwazo, hanyarsa ɗaya ce, kuma mai tsawo. Abdu ya yi lakwal a Damagaram da Yamai, sa'an nan aka kai shi makarantar William Ponty a Senegal, inda Turawa ke horar da malaman makaranta da akawuna da mataimakan likita. Nan yawancin abokan karatunsa suka tsaya. Shi kuwa ya wuce lise na Dakar, daga can ya ƙetara teku zuwa Paris don koyon ilimin fizik, wato sanin yadda haske da zafi da ƙarfi suke aiki.

Zaman Paris bai tsaya ga littafi da ɗakin gwaji ba. Ɗaliban Afirka da suka taru can daga Senegal, Gine, Dahome, Kamaru da sauransu sun gane cewa ciwonsu ɗaya ne, sai suka kafa ƙungiyar FEANF a ƙarshen 1950, kuma Abdu Mumuni yana cikin waɗanda suka aza harsashinta. Da fari zancen kuɗin karatu da wurin kwana ne ya haɗa su. Kafin a jima zancen ya koma na 'yancin ƙasashensu. Duk da haka bai saki karatu ba. Ya samu lisans a 1953, a 1956 kuma ya ci jarrabawar agregasiyo, wadda gasa ce mai tsanani, gurabenta ƙididdigaggu ne, 'ya'yan Faransa kansu suna shan wuya kafin su haye. Wanda ya ci ta ya samu kujera a aikin gwamnatin Faransa har tsufansa, da albashi mai kauri.

Ya komo Dakar yana koyarwa a lise ɗin da ya zauna bencinsa a da. A 1957 ya shiga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI mai neman 'yancin kai nan take. Ba a daɗe ba aka gwada ko maganar ta kai zuci. Ran 28 ga Satumba na 1958 Janar De Gol ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama a ƙasashen rainon Faransa. Nijar ta ce i, Gine ta Seku Ture ta ce a'a. Faransa ta fusata ta janye ma'aikatanta, har da malamai, aka bar azuzuwa babu mai riƙe alli. Abdu Mumuni yana da shekara 29, aiki a hannu, gaba a buɗe. Ya bar Dakar ya tafi Konakiri ya kama koyarwa a lise na Donka, kamar yadda Joseph Ki-Zerbo, masanin tarihi na ƙasar da ake kira Burkina Faso yau, ya yi. Ba ƙaramin abu ba ne saurayi ya saka matsayin da ya sha wahalar shekaru kafin ya samu cikin irin wannan kasada. Zamansa na Gine bai yi tsawo ba, daga baya ya komo gida ya koyar a lise na Yamai.

Abin da ya gani a dukan waɗannan azuzuwa, yana ɗalibi da yana malami, shi ya tattara cikin littafinsa na faransanci a kan ilimi a Afirka, wanda aka buga a Paris a 1964. Bai yi wa makarantar da ta raine shi kara ba. A ganinsa, lakwal ɗin mulkin mallaka an gina ta ne don ta samar wa Bature mataimaka, shi ya sa take ɗaukar yara kaɗan, ta raba su da harshen gidansu da aikin iyayensu, har yaro ya fito yana jin kunyar fartanya. Ya tuna da tarbiyyar gargajiya, inda yaro ke koyo cikin aiki, a gona ko a maƙera, gari duka yana malaminsa, ko da yake bai ɓoye inda ta gaza ba. Ya nemi a koyar da yara da manya cikin harsunan ƙasa, a kuma haɗa karatu da sana'a. Wanda ya koyi baƙi da hausa a ajin yaƙi da jahilci na Korgom ko na Kanambakashe ya san amfanin wannan magana fiye da mai dogon bayani.

Shi da kansa ya bi shawarar da ya ba da. Maimakon ya bi wani fannin fizik mai suna a Turai, sai ya zaɓi abin da ƙasarsa ta fi kowa wadata da shi, wato rana. Ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙaro sani a kan ƙarfinta, ya shugabanci ɗakin binciken hasken rana na Bamako daga 1964, ya samu babban digirin dokta a 1967, sa'an nan a 1969 ya komo Nijar ya riƙe ofishin ONERSOL har 1985. A can aka ƙera na'urorin ɗuma ruwa, da na tace shi, da murhun da ke dahuwa ba itace. Duk wanda ya ga nisan da matan ƙauyukan Mayahi ke yi wajen neman itace, ko tsawon igiyar gugan rijiyoyinsu, ba sai an gaya masa dalilin wannan zaɓi ba.

An naɗa shi shugaban Jami'ar Yamai a 1979. Allah ya yi masa rasuwa ran 7 ga Afrilu na 1991, shekarar da ta biyo aka sa wa jami'ar sunansa. Maganarsa ta harsuna kuwa tafiyar hawainiya ta yi: an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da hausa a Damagaram a 1973, yana da rai ya gani, amma sai a watan Maris na 2025, shekara 34 bayan rasuwarsa, dokar ƙasa ta ayyana hausa a matsayin harshen ƙasa, faransanci ya koma harshen aiki.