Samudawan Dutsi da Jaruman Littattafan Yaƙi

A ƙasar Zurmi, can arewacin Jihar Zamfara, akwai wani tsohon gari mai suna Dutsi, wanda Zamfarawa ke ɗauka shi ne mafarin sarautarsu. A wurin akwai waɗansu manyan kaburbura, tsawonsu ya zarce na kabarin mutum irin na yau nesa ba kusa ba. Ruwayar da aka gada ta ce na sarakunan farko ne, su Dakka da Jatau da waɗanda suka biyo bayansu, maharba masu girman jiki, kafin sarauta ta kai ga mace, watau 'Yargoje, kafin kuma a kafa Birnin Zamfara kusa da Isa ta yanzu. Wani Bajamushe mai suna Kurt Krieger ya tattara irin waɗannan ruwayoyi a Anka, ya buga su cikin littafin tarihin Zamfara a 1959. Mutanen ƙasar kuwa, sunan da suke kiran wurin da shi ke nan: kaburburan samudawa.

Wannan suna abin a tsaya a kansa ne. Yau idan aka ce wa mutum basamude, ana nufin ƙato ne kurum. Amma asalin kalmar daga Samudawa ne, mutanen Annabi Salihu, waɗanda suka sassaƙa gidaje cikin duwatsu, suka yi taƙama da ƙarfinsu, suka soke taguwar da aka hana su taɓawa, tsawa ta hallaka su. Ashe ke nan lokacin da Musulunci ya kafu, aka waiwayi kakannin da suka rayu kafinsa, sai aka ara musu sunan al'ummar da ta fi shahara wajen yi wa Ubangiji tawaye. Da kalma ɗaya aka girmama su, da ita kuma aka yanke musu hukunci. Duk wanda ke son ya gane yadda ƙagaggun labaran Hausa na aljannu da sihiri ke tafiyar da zancen abin bauta da mai ja da shi, daga nan ya kamata ya fara.

A adabin Turawa mai ja da abin bauta sau da yawa shi ne gwarzon labari. Girkawan dā suna da Furomitiyas, wanda ya sato wuta daga wurin allolinsu ya kawo wa 'yan Adam, Ziyus ya sa aka ɗaure shi jikin dutse, gaggafa na cin hantarsa kullum. John Milton na Ingila ya wallafa Paradise Lost a 1667 da niyyar bayyana adalcin Ubangiji, amma ya ba Shaiɗan baki mai daɗi har masu karatu da yawa suka fi tunawa da shi. Tolkien, wanda Kirista ne mai riƙo da addini, ya mai da ɗan tawayen mugu cikin The Silmarillion da aka buga a 1977. Philip Pullman kuwa, cikin littattafansa uku da suka fito tsakanin 1995 da 2000, ya juya al'amarin baki ɗaya, ya sa jarumansa suka yaƙi mai mulkin sama. Ɗaliban da suka karanta irin waɗannan, ko suka ga makamantansu a fina-finai, sukan yi tambaya: ina namu?

Amsa a taƙaice ita ce, rubutaccen adabin Hausa bai bi wannan hanya ba tun ran da aka haife shi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, malamai suka shiga. Biyu daga cikin littattafan da suka fito daga gasar, Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam, cike suke da aljannu da ƙasashen al'ajabi. Ganɗoki ya gwabza da Turawa a ƙasar nan, da abin ya gagara ya nufi gabas tare da ɗansa Garba Gagare, ya yi ta karo da aljannu da masu bautar gumaka, yana cin su da yaƙi yana musuluntar da su. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ba mayaƙi ba ne, ɗan wayo ne, rabin tafiyarsa cutar Malam Zurƙe ce da ramuwa, amma da ya kai ga aljannu taimakonsu ya samu har ya ɗebo ruwan. A duka biyun akwai masu iko da yawa a ɓoye, sai dai ba ko ɗaya a cikinsu da aka yarda ya zama abin bauta na gaskiya. Aljani ko dai bara ne, ko aboki, ko abokin gāba. Gunki kuwa ice ne ko dutse mai jiran a karya shi.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951, ya fi su nuna hannun Allah a fili. Tushen labarin na mutanen Rasha ne. An haifi Iliya gurgu, ya daɗe ba ya motsi, sai waɗansu baƙi suka zo suka zama sanadin miƙewarsa da ƙarfinsa. Ya yi wa Sarki Waldima yaƙi iyakar yi, da ya gama kuwa sai ya roƙi Ubangiji, aka mai da shi dutse tare da dokinsa Kwalele. Ƙarfin aro ne, an ba shi, ya yi aiki da shi, ya mayar. Ko kusa bai yi tunanin ya juya wa wanda ya ba shi ba.

To, ina allolin ƙasa suka tafi? Sauke su aka yi daga muƙaminsu. Iskokin da Maguzawa ke yi wa yanka, da waɗanda 'yan bori ke hawa, an shigar da su cikin jinsin aljannu, halittu masu ci da sha da aure, waɗanda su ma za a yi wa hisabi. Su kansu 'yan bori sun karɓi wannan tsari. Birnin iskoki da suke kira Jangare yana da sarki, Sarkin Aljan Sulemanu, da fadawa da gidaje kamar kowace masarauta, har da wani iska da ake kira Malam Alhaji, mai tasbaha da karatu. Wanda ya ja da Ɗan Galadima ko Kure, da wata halitta ya ja, kamar wanda ya ja da hakimi. Ba za a kira shi ɗan tawayen sama ba.

Littattafan yaƙi da suka cika kasuwa tun daga shekarun 1990, waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini na Kano ya yi fice a kansu, wannan gado suka ci. Mai karatu ya san tsarin: wani birni mai suna irin na Larabawa ko Farisawa, azzalumin sarki, boka mai madubin tsafi, gunkin da ake zuba wa jini, sa'an nan jarumi ko jaruma da za su rushe duka. Ba laifi a ce suna da daɗin karatu, kuma sun koya wa dubban matasa karanta Hausa ba tare da sandar malami ba. Amma suna da rauni guda da ba ya ɓoyuwa. Tun da gunkin banza ne, nasarar jarumi kuma tabbatacciya ce, sai marubuci ya rasa abin da zai riƙe mai karatu da shi, ya koma ƙara yawan dakaru da tsawon takubba da shekarun da aljani ya yi a kogo. Ba a cika samun mutumin da zuciyarsa ta rabu biyu ba.

Irin wannan mutum kuwa yana nan jibge cikin tarihin gida. A duba Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara da Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A can aka ba da labarin Tsumburbura, wadda ke cikin wata itaciya kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, ana kai mata baƙin kare da baƙin bunsuru. Sarki Tsamiya, a ƙarni na 14, ya fasa katangar da ƙarfin yaƙi. Da a littafin kasuwa ne, da nan labari ya ƙare. Amma marubucin tarihin bai tsaya ba. Ya kawo Sarki Kanajeji, ɗan Yaji wanda ya karɓi Wangarawa, ya ce da Zazzau ta kore shi a fagen yaƙi sai ya tambayi masu tsohon addini dabara, suka ce ya koma wa abin da kakanninsa suka bari. Ya koma, ya kuwa ci nasara. Malamin da ya rubuta wannan Musulmi ne, bai yaba ba, bai kuma share ba.

Labarin Dirki ya fi wannan ɗaure kai. Dirki Alƙur'ani ne da aka naɗe cikin fatu tun zamanin Sarki Muhammadu Zaki, aka yi ta ƙara masa fata ana yi masa yanka, har mutane suka manta abin da ke ciki. A zamanin Alwali, wanda ya hau a 1781, aka matsa masa ya ba da shanun yanka. Da ya gaji sai ya sa samari suka sassare Dirki da gatura, sai ga Alƙur'ani. Mutanen gari suka yi masa baki, cewa yadda ya fitar da Littafin daga mazauninsa haka za a fitar da shi daga Kano. Ba a daɗe ba masu jihadi suka kore shi, aka kashe shi a Burumburum. To, me Alwali ya yi, tsafi ya rushe ko alfarma ya keta? Waɗanda suka kore shi su ne mafi ƙin irin su Dirki, ga shi kuma ta hannunsu bakin masu Dirki ya kama shi. Ba wani littafin yaƙi da ya ƙulla abin da ya kai wannan.

Arewacin Zamfara ma yana da nasa, kuma kusa da gida. Daga Shinkafi ba nisa zuwa kufan Birnin Zamfara, wanda Gobirawa suka ci a zamanin Babari cikin shekarun 1760, da kufan Alƙalawa, birnin da suka gina a ƙasar da Zamfarawa suka ba su masauki. A fadar Gobir akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta, uwar 'yan bori, mai faɗa a ji, sarautar da ta ci gaba a Tsibiri kusa da Maraɗi bayan watsewar birnin. A fadar nan ce kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ke da kwarjini tun zamanin Bawa Jan Gwarzo, bayan shekarun da ya yi yana wa'azi cikin Zamfara. Sarkin Gobir Yunfa tsakanin waɗannan biyu ya tashi. Ruwayar jama'ar Shehu ta ce ya kira Shehu fada ya ɗana masa bindiga, wutar ta komo kansa ta ƙone shi. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa. Cikin waɗanda suka yi wannan yaƙi har da Namoda, jarumin Alibawan Zurmi, wanda shi ma ya kwanta dama wajen yaƙin Kiyawa ba da jimawa ba. Garin Ƙaura yana ɗauke da sunansa, sarkin garin kuma Sarkin Kiyawa ake ce masa har yau.

Littattafan tarihi sun faɗi abin da Yunfa ya yi. Abin da ya ji a ransa daren da ya yanke shawara, da abin da Inna ta gani sa'ad da ta tabbata iskokin gidan ba za su tsare ganuwa ba, da halin bafaden da ke salla da rana yana kai baƙin bunsuru da dare saboda tsoro, waɗannan aikin mai ƙaga labari ne. Waƙoƙin maza na ƙasar, irin na Kassu Zurmi makaɗin 'yan tauri da mafarauta, sun riga sun nuna cewa jama'a sun san mutumin da ke kiran sunan Allah alhali ƙugunsa cike da guraye.

Akwai masu cewa taɓa irin wannan zance kusantar shirka ne, musamman a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999. Damuwar tana da tushe, don kuwa ba marubucin Hausa mai hankali da zai bi sawun Pullman, ba kuma mai karatun da zai karɓa. Sai dai ba da labarin mai tsafi daban, yin tsafi daban. Alƙur'ani da kansa ya kawo maganganun Fir'auna da gardamar Iblis, malaman tafsiri kuma suna karanta su a bainar jama'a kowane azumi. Chinua Achebe, ɗan mai wa'azin coci, ya rubuta Arrow of God a 1964 kan wani babban mai tsafi da ya rikice tsakanin nufin abin bautarsa da fushin kansa, har ya hana jama'arsa girbin doya suka guje shi. Ba wanda ya koma bautar Ulu saboda ya karanta littafin, amma Ibo da yawa ta nan suka san kakanninsu mutane ne masu tunani.

Abin da ke sa zancen ya zama na gaggawa shi ne halin da yankin ya shiga. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ya sa garin ya zama ƙarshen layi da mahaɗar fatake, aka kuma kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1983, wadda ke tara ɗalibai daga ko'ina. Masu iya rubutu ba su yi kaɗan ba. Masu riƙe da labarin ne ke ƙarewa. Tun daga shekarun 2010 hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙasashen Zurmi da Shinkafi, tsofaffin da suka san wane kabari ne na wa sun watsu cikin garuruwa, hirar dare a dandali ta zama abin tsoro. Ɗalibin da ke Ƙaura yau ya fi sauƙin samun labarin Ziyus a wayarsa da ya kama hanyar Dutsi, wadda ke ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da shi.